Kashtar Shekarar da Baffa Harisu Ya Zo

Duk wanda kuka tambaya a danginmu, daga Rusaifa har Hindawiyya, magana ɗaya zai gaya muku: wai ni Ruƙayya na ci mutuncin yayan mahaifina a tsakiyar daji, na zuba ku a mota na yi gaba, don ina taƙamar ni haihuwar Makka ce, shi kuwa tsoho ne mai korar shanu daga Chadi. Hanan, Safa, na san an gaya muku haka. Ranar ƙaramar Sallah da Safa ta murguɗa wa wani baki, da kunnena na ji Gwaggo Hajara, ƙanwar kakanku, ta ce mata, "Kul, kada ki kwaso halin Hala Ruƙayya." Hala, wato ƙanwar uwa, ni ke nan. Ina tsaye a ƙofar kicin da farantin dabino a hannu, ba wanda ya ko ɗaga kai. To, rabin maganar gaskiya ne. Na faɗi abin da aka ce na faɗa, ba zan goge ko harafi ɗaya ba. Ɗaya rabin ne ba wanda ya sani sai mu biyu, kuma shekara uku ke nan ina jiran ɗayan ya buɗe baki. Na gaji da jira. Dama ni ban iya shi ba.

Da Larabci na yi makaranta. Bokon Hausa wata maƙwabciyarmu Bakanuwa ce, matar wani ɗalibi, ta koya mana ni da uwarku Yaya Maimuna. Amma da Hausa zan rubuta wannan, domin maganar da ta jawo komai da Hausa aka raɗa min ita. In kun kasa karantawa, uwarku ta karanta muku. Ita ma tana bukatar ta ji.

Ku ba ku san Nakkasa, tsohuwar unguwarmu a Makka, ba. Hanan, kina goye aka rushe gidanmu. A can a kan dutse, ɗakin Gwaggo Hajara yana jingine da namu, in Ummi, kakarku, ta soya albasa sai Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce gishiri ya yi kaɗan. Da aka rushe, kowa ya kama gabansa. Mu muka samu hawa na uku a Rusaifa, Gwaggo ta koma Hindawiyya wajen ɗanta, uwarku da babanku suka yi can wajen gari. Babu falon da zai ɗauke mu duka. Abin da ya rage mana na haɗuwa shi ne kashta, wato fita daji da sanyi a kafa tanti a kwana ɗaya, a gasa nama, a sha shayi, tsofaffi su yi ta Hausa har muryarsu ta dushe. Abuya, kakanku, yana da wurinsa da muke zuwa kowace shekara, a bayan wani dutse a hanyar Ɗa'if. A shekarar da nake ba ku labari muka ji an zagaye wurin da waya za a yi gini. A shekarar ce kuma yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye tuƙin da ya yi shekara talatin yana ci da mu da shi, mukullin mota ya dawo hannuna. Sai ga saƙo cewa Baffa Harisu zai zo umra.

Dole ku san wane ne Baffa Harisu a wurin Abuya, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna muku ba. Iyayensu sun rasu Abuya yana ɗan shekara shida. Baffa ne ya goye shi, ya yi masa wanka, ya ba shi takalminsa shi ya taka ƙaya. Shi ya raka shi har bakin iyakar Sudan ranar da zai taho nan, ya juya ya koma wajen shanunsa. Tun ran nan ba su sake haɗuwa ba. Abuya da ba ya tashi wa kowa tsaye a gidansa, in muryar Baffa ta fito a waya, miƙewa yake yi ya gyara hula.

Kwana biyu da zuwan saƙon ya kira ni.

"Ya binti, ki nemo mana wuri. Wurin da zan kai yayana ba na jin kunya."

Da Larabci ya faɗa, kamar yadda ya saba yi min magana. Na ce to. Mutane suna tsammanin neman wurin kashta shi ne ka tuƙa mota har ka ga inuwa ka tsaya. Da can ne wannan. Yanzu yawancin dajin da ke da bishiya na hukuma ne, sai ka nemi tasrihi a waya, takardar izini ke nan, kuma ba a sare ko reshe, ba a hura wuta a ƙasa sai a kan kasko. Asabar uku na ɓata a kan abin nan, ni da Ummi a gefe tana jan carbi tana cewa in rage gudu. Na hau dutsen Shafa, inda dajin yake kore har ka rantse ba Hijaz kake ba, amma hazo ya rufe mu da la'asar, sanyin ya shiga ƙashina, na ce wannan zai kwantar da tsofaffi. Na duba wajen Hada, birai suka hau kan mota suka fizge ledar burodi daga hannun Ummi. Wani wuri a ƙasa ya yi min, sai na ga kashin awaki ko'ina, inda garke ya kwana kuwa akwai kaska. Wani babu sabis ɗin waya, ga uwarku da cikin wata bakwai. Na yi ta zagi a zuciyata ina juyawa.

A Asabar ta uku na gangara wani wadi a gindin duwatsu. Wadi kun san shi, kwarin da ruwa ke bi in an yi sama, sauran shekara kuwa busasshe. Wallahi wurin ya yi kyau. Yashi fari mai laushi kamar an tankaɗe, manyan magarya guda biyu sun haɗa kai, ba iska ko kaɗan. Har na ciro waya zan sa alama, sai wani tsoho mai kiwon zuma da ya jera akwatunansa can a kan gangare ya ɗaga min sanda.

"Ya binti, ƙasa kike kallo. Mai neman wurin kwana sama yake kallo."

Ya nuna min rassan magaryar. Can sama da kaina akwai busasshiyar ciyawa da tsummoki da guntun buhu sun maƙale, duk sun karkata gefe ɗaya.

"Wa ya rataye su?" in ji shi. "Ruwa ne. Nan rana tana haskawa, can a kan dutse ana sheƙa ruwa, ba ki sani ba. Sai dai ki ji ƙara kamar ta tirela. In kin ji ta, kin makara."

Shi ya nuna min tudun. Yana sama da wadin, tafiyar minti biyar a mota, ƙasa mai tauri da tsakuwa, dutse a bayansa yana tare rabin iska, bishiyoyin ƙaya ƴan tsiraru. Ba shi da kyan wadin, ban ce yana da shi ba. Amma mota tana hawa ba ta nutsewa, waya tana kamawa, rassansa kuwa tas suke. Na sa alama, na karɓi tasrihi da sunana, na koma gida na gaya wa Abuya komai har da maganar mai zuma. Ya gyaɗa kai ya ce ai shi da ya yi shekara talatin yana tuƙi a garin nan, ya ga ruwa ya ɗauki motar da ta fi tamu girma.

Ku riƙe wannan. Ya sani.

Baffa ya iso. Dogo ne siriri, gemunsa fari, hannunsa kamar icce. Ina son sa, wannan ma ba wanda ya yarda da shi yanzu. Ya kawo min kilishi a ƙulle cikin takarda, yana kirana "direban gwamna", in na ɗauke shi zuwa Harami sai ya riƙe ƙofar mota da hannu biyu yana salati yana dariya. Ya yi shekara arba'in yana kora shanu daga wannan kasuwa zuwa waccan, kwanan dajinsa ya fi kwanan ɗakinsa. Da aka ce masa za a fita kashta, dariya ya yi har da tari.

"Wato ku nan sai kun ƙoshi kuke zuwa daji ku yi wasan talauci?"

Ranar Juma'a bayan masallaci muka fita, mota biyu. Ni na ɗauki Abuya da Baffa da Ummi da Gwaggo, babanku ya biyo mu da ku da uwarku da tantuna. Muna hawa tudun na kashe mota, Baffa ya fito ya tsaya, iska tana kaɗa rigarsa. Ya taka tsakuwar da ƙafa. Ya juya ya hango wadin a ƙasa, magaryar nan biyu kore shar a kan farin yashi.

"Wa ya zaɓi nan?"

"Ni ce, Baffa."

"Allah sarki. Ɗiyata, nan ko jaki ba ya kwana. Ga masauki can Allah ya shimfiɗa mana."

Na fara gaya masa maganar ruwa. Bai bar ni na kai ƙarshe ba, kuma ba da faɗa ba, da dariya.

"Ruwa? Da ɗari? Usmanu, ka ji ɗiyarka. Wa ya taɓa ganin ruwan sama da sanyi? Ni da ɗari a cikin ƙorama nake kwana, shekara arba'in. Yashi ya fi katifa, iska ta bi ta samanka, in ka tona kamu biyu ka samu ruwan alwala. Sai damina ake gudun ƙorama."

Gaskiya ya faɗa, gaskiyar ƙasarsu. Can ruwa yana da watanninsa, in sun wuce an rufe sama sai baɗi. Nan kuwa da sanyin ne ruwan yake zuwa. Kowa a wurin ya san haka, har Gwaggo. Amma a gidanmu akwai al'adar da suka taho da ita tun daga hanya: in ana tafiya, babba ne ke cewa a sauka nan, kuma inda ya dasa sandarsa an gama magana. Na kalli Abuya. Ya kalli ƙasa. Ya ce, "Yadda ka ce, Yaya." Muka gangara.

An kafa tantuna a ƙarƙashin magaryar. Baffa ya kama wani busasshen reshe zai karya, babanku ya yi wuf ya riƙe masa hannu ya ce haramun ne a nan, akwai tara, ga gawayi mun taho da shi. Baffa ya girgiza kai ya ce bai taɓa jin ƙasar da ake sayen wuta a cikin daji ba. Aka yi dariya. Ku biyu kuna ta birgima a yashi, Safa ta cika takalminta da shi tana zubawa a kan Hanan. Ban taɓa ganin fuskar Abuya kamar ta wannan yammacin ba. Yana zaune a gefen yayansa, gwiwa na taɓa gwiwa, suna kiran sunayen mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Ni kuwa na kasa zama. Can gabas a kan duwatsu gajimare ya taru, baƙi ƙirin daga ƙasa. Wayata ta yi ƙara, saƙon gargaɗin ruwa ne irin wanda ake turo wa kowa. Na ji ta Abuya ma ta yi ƙara a aljihunsa. Bai ciro ta ba.

Da la'asar ta yi sanyi ya ce in zo in buɗe masa bayan mota ya ɗauki buta. Butar tana gabansa a kan tabarma, na gan ta. Na bi shi. Ya ɗaga murfin ya sa kansa a ciki kamar mai lalube, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa. Abuya ba ya yi min Hausa sai in abu ya kai abu.

"Idona bai gani sosai. Yaya dutsen yake?"

"Baƙi ne, Abuya."

"Ki kwashe yaran nan da Maimuna ki hau da su tudunki. Yanzu, kafin magariba."

"To ka gaya masa mu tashi gaba ɗaya mana."

"Ba zan iya ba. Shekara talatin da ɗaya, abu ɗaya ya zaɓa mana, in ce masa bai iya ba a gaban surukina? Ni zan zauna da shi. Ke ki tafi da su. Kada ki ce ni na ce."

"In ce me?"

Ya ɗago ya dube ni da idon nan mai yana.

"Ke ai ba a rasa abin faɗi a bakinki."

Ya rufe bayan motar, ya koma ba buta a hannunsa.

Na fi kowa sanin halina. Tun ina firamare ake aiko wa Ummi takarda a kan bakina. Amma ran nan na fara sanin cewa halin nawa kayan aiki ne da ake ajiyewa a gida don ranar bukata, kamar tocila. Na je na tsaya a kan tabarma na ce zan kai yara da Yaya Maimuna sama su kwana. Uwarku ta ce ita lafiyarta ƙalau a nan. Babanku ya ce in zauna. Baffa ya ce, har yanzu da murmushi, ba inda jikokinsa za su, a gefensa za su kwana ya ba su tatsuniyar kura. Na sake faɗa. Ya daina murmushi, ya ce a gidan Usmanu mace ce ke tayar da zango? Gwaggo ta ce, "Aib, ya Ruƙayya, zauna." Na ɗaga kai na ga gajimaren ya ƙara saukowa, na ga Safa tana barci a kan yashi bakinta a buɗe. Sai na faɗa.

"Baffa, nan ba Chadi ba ne. Shanu ka iya korawa, ƙasar nan ba ka san ta ba. In kai ka gaji da duniya, su ba su gaji ba."

Wannan nawa ne. Abuya bai sa min shi a baki ba. Akwai hanya goma ta faɗin abin da ba sai na taɓa shanunsa da tsufansa ba, na bar su duka na ɗauki wadda ta fi kaifi, domin haushin Abuya nake ji, Baffa ne kawai a gabana. Baffa ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya kife shi.

Abuya ya miƙe, ya daka min tsawar da bai taɓa yi min ba.

"Fita ki ba ni wuri! Kwashe su ki tafi, kada in sake ganin fuskarki yau!"

Kowa ya ji tsawar uba. Ni kaɗai na ji "kwashe su". Na saɓi Safa, na ja hannun Hanan, uwarku ta biyo ni tana kuka tana cewa na kunyata ta a gaban mijinta, ta biyo ne kawai don ba za ta bar ku ba. A cikin mota muka kwana a kan tudu, iska tana jijjiga mu. Ba ta yi min magana ba har gari ya waye.

Ruwa bai zo ba.

Ɗigo bakwai ko takwas a kan gilashi, shi ke nan. Gajimaren ya bi ta arewa ya tafi abinsa. Da safe muka gangara muka tarar da yashi a bushe, tantuna a tsaye, Gwaggo tana dama koko. Abin da na lura da shi, wanda ba wanda ya lura, motar babanku an juya ta tana kallon hanyar fita, kuma Abuya yana sanye da takalminsa na jiya, idonsa jawur. Bai kwanta ba. Na zuba shayi na durƙusa na miƙa wa Baffa. Ya miƙa hannu ta gefena ya karɓi na Ummi.

"Ina ruwan naki, malamar sama?" in ji Gwaggo. "Ko yana hanya?"

Abuya ya ce in ba yayansa haƙuri. A gaban kowa ya faɗa, da Larabci. Na tsaya ina kallonsa, ina jira ya ƙara ko kalma ɗaya, ko ya ce ai yarinyar tsoro ta ji, ko ya ce shi ma gajimaren ya dame shi. Bai ƙara ba. Sai na ƙi. Na juya na fara naɗe tanti. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko, domin Baffa bai ci bashin fushin da nake yi da ƙaninsa ba. Ya yi sauran kwana shida a gidanmu. In na shigo falo sai ya kama carbi. Babanku ne ya kai shi filin jirgi, ba direban gwamna ba. Ya bar kilishin da ya rage a kan firij, ba wanda ya taɓa shi har ya yi fari.

Bayan mako uku aka yi ruwa kwana biyu a jere. Ranar da ya ɗauke ina da alkawarin kai Abuya asibitin ido. Na wuce kwanar asibitin ban tsaya ba. Ya ji hanyar ta canza, bai tambaya ba. Na kai shi wadin, na riƙe hannunsa muka gangara da ƙafa don mota ba za ta shiga ba. Yashin nan fari ya zama laka da duwatsu, wasu sun kai girman firij. Magarya ɗaya ta kwanta, saiwarta a sama. Ɗayar tana tsaye, da tsohuwar tayar mota a maƙale a reshen da Baffa ya so karyawa. Na ɗora tafin Abuya a jikin bishiyar, na ja shi sama har inda lakar ta tsaya. Sai da ya yi ɗage.

"Ka ji?"

"Na ji."

"To ka kira Baffa. Ka gaya wa Gwaggo. Ka gaya wa Yaya Maimuna, mijinta ya hana yaran shiga motata."

Ya daɗe bai cire hannunsa ba.

"Yayana yana can yana ba da labari a kasuwa, ya zo Makka ya koya wa ƙaninsa kwanan daji. Shi ke nan abin da ya koma da shi. Ki bar masa."

"Ni fa?"

"Ke yarinya ce. Kina da lokaci."

Na ɗauki hoto. Yana nan a wayata. Na nuna wa Gwaggo sau ɗaya, ta ce ruwan da ya zo bayan mako uku ba shi zai wanke bakin da ya zagi babba ba. Ita ma gaskiya ta faɗa. Hoton yana nuna ruwa ya zo. Ba ya nuna wanda ya aike ni.

Wata takwas bayan haka aka bugo da asuba, Baffa ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku. A gidan Gwaggo a Hindawiyya aka yi zaman makoki, mata cike da ɗaki har matakala. Ina rarraba gahawa, Gwaggo ta ce da wata baƙuwa, ba ta ko rage murya ba, "Da ciwon maganar yarinyar nan ya tafi, ya faɗa min a waya." Ban sani ba ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Na ajiye butar gahawar na sauka ƙasa inda maza suke, na sa aka kira min Abuya. Na ce masa yanzu fa, wanda ake rufa wa asirin ya tafi. Ya ce, "Da ransa ban kwance masa zani a kasuwa ba, sai yana kabari?" Ya koma ciki.

Sanyi uku ke nan ba a fita kashta ba. Ba wanda ya ce an daina, kawai in lokacin ya zo sai kowa ya sami uzuri. Tantunan suna saman kabad a Rusaifa. Ƙaninku da aka haifa bayan wata biyu da abin, bai taɓa taka yashi ba. Ku kuma in kun zo gaishe da Ummi, kuna gaishe ni daga bakin ƙofa kamar mai mura. Hanan, da ke ce mai rigimar zama a gaba kusa da ni kina danna min hon. An yi wa Abuya aikin ido, yana gani yanzu, amma ƙafa ta fara ba shi wahala, kuma wani lokaci yakan kira ni da sunan uwarku. Ya ce ina da lokaci. Wataƙila ina da shi. Shi ne ban tabbata yana da shi ba, kuma in ya tafi da maganar nan a cikinsa, ta zama maganata ni kaɗai, maganar mai baki, wa zai saya?

Ban rubuta wannan don ku ƙi kakanku ba. Mutumin da ya kwana zaune da takalmi a ƙafa yana sauraron dutse, don kada ya ce wa yayansa a'a kuma kada ya bar shi shi kaɗai, ba mugu ba ne. An ba shi zaɓi tsakanin wanda ya goye shi da wadda ya goya, ya ga ni ce zan fi jurewa. Wataƙila ma daidai ya auna. Abin da bai yi ba shi ne ya tambaye ni ko shekara nawa zan ɗauka.

Jiya na karɓi tasrihi, na tudun nan dai, da sunana. Na sauko da ƙaramin tanti na kakkaɓe shi, na sayi gawayi. Juma'a bayan masallaci zan ɗauki Abuya, mu biyu kawai. Zan hura wuta a kasko, in dafa masa shayi, in zaunar da shi inda zai hango magaryar da ta rage, in karanta masa wannan daga farko har nan, da Hausa, a hankali. Ba zan ba ku takardun nan a bayan idonsa ba. In ya ce zai faɗa da bakinsa, zan yaga takardun in sa a wutar, in tuƙa shi har ƙofar gidanku. In ya sake cewa kada in ce shi ya ce, zan gaya masa na riƙe masa shekara uku, na sauke. Ranar Asabar, ko da shi ko da takardun, zan ƙwanƙwasa ƙofarku. Hanan, ke ki buɗe.